Oksayid: daga tsatsar kwano zuwa hayaƙin janareta

 Shirinmu na musamman na yau yana Dutsin-Ma da Kurfi ne, kuma zancen wata kalma za mu yi, wadda 'yan sakandare ke haddacewa saboda jarrabawa, su manta da ita da zarar an karɓi takarda. Kalmar ita ce oksayid.

Idan oksijin ya haɗu da wani sinadari guda suka zama abu ɗaya, abin da suka haifar shi ne oksayid. Oksijin kuwa shi ne kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kuma da wuya ya bar abu ya zauna lafiya. Wanda ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma bayan damina zai ga tsofaffin rufin kwano sun yi ja. Tutiyar da aka shafe su da ita ce ta cinye, oksijin da laima suka samu ƙarfen. Wannan tsatsar oksayid ɗin ƙarfe ce. Ita ce kuma ta rina marmarar da ake zubawa a hanya. Yashin rafi da farin ƙyallin da ke jikin duwatsun Dutsin-Ma oksayid ɗin silikon ne. Hatta ruwan madatsar Zobe, a idon masanin sinadarai, oksayid ne na haidirojin.

A Faransa aka ƙirƙiro kalmar. A 1787 Lavoisier da Guyton de Morveau da abokan aikinsu biyu suka fitar da sabon tsarin raɗa wa sinadarai suna, don sunan abu ya faɗi abin da ke cikinsa. Ba da jimawa ba Turancin Ingilishi ya are ta. A Turanci ana fara kiran abokin haɗin, oksayid ya biyo baya, sannan a liƙa ɗan guntun lissafi na Girkanci: mono ɗaya, di biyu, tirai uku. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ya san wannan. Damuwata ita ce ilimin ba ya bin sa zuwa gida, alhali a gidan ake bukatarsa.

Ku saurari sunaye biyun nan da kyau. Kabon dayoksayid, mai oksijin biyu, shi ne abin da muke fitarwa a numfashi, shi gero da dawa ke sha su yi girma, shi ke kumfa a lemon kwalba. Kabon monoksayid, mai oksijin ɗaya, guba ne. Yana fitowa ne idan gawayi ko fetur ya ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba.

Kakanninmu sun yi aiki da monoksayid ba tare da sun san sunansa ba. Tama oksayid ce ta ƙarfe. Masu narkar da ita, waɗanda aka samu alamar aikinsu a dutsen Dala na Kano tun ƙarni na 7, sukan jera ta da gawayi a cikin matoya su hura wuta. Monoksayid ɗin da gawayin ke fitarwa shi ke fizge oksijin daga tama, ƙarfe ya rage, a kai wa maƙera su ƙera garma da lauje. To amma a fili suke wannan aiki, iska na kaɗawa.

Yanzu ku dubi ɗaki a tsakiyar hunturu. An rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma saboda sanyi da ƙura, an shigo da kaskon gawayi don jego ko don tsoho mai ciwon ƙafa. Ko kuma an ɗauke wuta, maigida ya tayar da janareta a zaure ko a lungun baranda saboda tsoron ɓarayi. Monoksayid ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari. Yana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Sai a fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, daga nan barci ya ɗauke mutum. Da safe a ce abincin dare ne, ko a ce sammu ne, ko iskokai.

Don Allah iyaye mata da iyaye maza, janareta a waje yake kwana, nesa da taga da ƙofa. Kaskon wuta a fitar da shi kafin a kwanta, ko da ya daina hayaƙi, domin garwashin da ya yi ja yana ci gaba da fitar da gubar. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai a lokaci guda, ko aka tarar da wani ya ƙi farkawa, a buɗe ko'ina, a fito da su fili, a garzaya asibiti mafi kusa, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya cewa akwai gawayi ko janareta a wurin. Oksijin za su sa musu, kuma manja ko madara ba sa maye gurbinsa.

A nan za mu dakata.