3.2 Tasirin Raunanan Ɗauri a Kan Siffar Ayon a Yanayin Gas

A sashen da ya gabata an nuna cewa ɗaurin kobalen, wato inda ƙwayoyin zarra biyu ke tarayya a kan elektron, shi ne ƙashin bayan kowane molekul. To amma akwai wasu raunanan ɗauri da ba su buƙatar wannan tarayya, kamar ɗaurin haidurojin da kuma jan da ke tsakanin caji da caji. Tsinka ɗaurin kabon da kabon na cin kimanin kilojul 350 a kowane mol, alhali ɗaurin haidurojin tsakanin molekul biyu na ruwa bai wuce kimanin 20 ba. Duk da haka, sau da yawa waɗannan raunanan ne ke yanke yadda molekul zai lanƙwashe.

Ayon shi ne molekul ko ƙwayar zarra mai ɗauke da caji. A cikin ruwa, molekul ɗin ruwa kan yi masa ƙawanya su rage kaifin cajin. A cikin na'urar auna nauyin molekul kuwa, inda aka zuƙe iska, babu mai kawo masa ɗauki, dole ya nemi mafita a jikinsa.

Misali mai kyau shi ne futiresin, sinadarin da ke cikin warin ruɓaɓɓen nama, wanda Ludwig Brieger ya gano a Jamus a 1885. Sarƙa ce ta kabon huɗu, da naitirojin a kowane baki. Idan furoton ya sauka a baki ɗaya, sai sarƙar ta tanƙwaro, ɗaya bakin ya zo ya kama shi da ɗaurin haidurojin, ta zama zobe. A 1973 Yamdagni da Kebarle na Jami'ar Alberta a Kanada suka nuna alamar wannan naɗewa. Ƙarfin da futiresin ke riƙe furoton da shi ya kai kimanin kilojul 1006, na butilamin kuwa, mai kabon huɗu amma naitirojin ɗaya, kimanin 921 ne. Mafi yawan wannan rata daga zoben ta fito. Idan aka rage sarƙar zuwa kabon biyu, adadin kan sauko zuwa kimanin 952, domin gajeriyar sarƙa ba ta tanƙwaruwa sai da takura.

Haka kuma, a 1981 Kebarle da abokan aikinsa sun gano cewa a yanayin gas ayon ɗin fotasiyam na manne wa benzin da ɗan ƙarfi fiye da yadda yake manne wa ruwa, abin da ba a zata ba tun da benzin ba shi da caji.

A nan akwai buƙatar hattara. Tun da John Fenn ya kyautata dabarar fesa manyan molekul zuwa gas, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2002, ake auna furotin ta wannan hanya. A ganin mai wannan bincike, kuskure ne a ɗauki siffar da aka samu a na'ura a matsayin siffar da ke cikin jini kai tsaye, domin shi kansa futiresin a cikin ruwa, ruwan ne ke kama furoton ɗin, ba ɗaya bakin sarƙar ba.