Amalanken Jan Kwale-kwale

Kwale-kwalen da yaro ɗan shekara goma yake juyawa a ruwa da gora ɗaya, in aka fito da shi tudu sai an tara ƙarti takwas kafin ya motsa. Garaku, hedikwatar ƙaramar hukumar Kokona, ba garin bakin kogi ba ne, amma ruwa bai yi mata nisa ba. Kogin Mada yana ratsa hanyar Akwanga wajen Gudi, kuma in ka koma Keffi ka bi ta garin Nasarawa za ka sauka Loko a bakin Binuwai, inda aka buɗe gadar Loko zuwa Oweto a 2023. Jirgi kan samu inda itace da masassaƙi suke, aikinsa kuwa yana inda ruwa yake, kuma rani kan kori masunci daga wannan gulbi zuwa wancan. Abin da aka saba shi ne a ɗora jirgin a bayan akori-kura, rabinsa na reto a iska, an ɗaura masa jan ƙyalle. Da haka katako ke tsagewa tun bai ga ruwa ba.

Masu waldar bakin titinmu sun iya ƙera abin da zai magance wannan. Su ke yin kurar 'yan ga-ruwa da amalanken shanu da ƙyauren gida. Inda ake samun matsala shi ne a ƙera amalanken da mota za ta ja da idon da ake ƙera kura. Kura tafiyar ƙafa take yi, in ta karkace mai ita ya tare da ƙirji. Abin da ke bin mota a gudun kilomita 70 babu mai tare shi.

Aikin yana farawa daga jikin jirgin, tun ba a sayi ƙarfe ko ɗaya ba. A auna tsawonsa da faɗin cikinsa, a kuma ƙiyasta nauyinsa yana jiƙe. Maɗaci ko kawo da ya shekara a ruwa ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, kuma kowace lita ta ruwan da ya kwanta a ciki kilo ɗaya ce. In akwai inji, a sa shi a lissafi: Yamaha mai doki 40 ya kai kusan kilo 70, kuma duk nauyin nan a can wutsiya yake.

Sai a nemi tsakiyar nauyi. Ba a buƙatar injiniya. A sa gungumen itace a ƙarƙashin jirgin, a riƙa mirgina shi gaba da baya har jirgin ya daidaita kamar sikeli, a yi alama da alli. To, aksul ba a kan alamar zai zauna ba, ɗan bayanta zai koma, domin kusan kashi ɗaya cikin goma na dukan nauyin ya danne wuyan amalanken, wurin da ya haɗu da mota. In jirgi da amalanke sun kai kilo 600, wuyan ya ɗauki kamar 50 zuwa 60. Sikelin da masu awon nauyi ke yawo da shi a kasuwa ya isa gwada wannan.

Nan ne gardama kan tashi. Mai jirgi zai ɗaga wuyan ya ji nauyi, ya ce, “Oga, matso da tayar gaba mana, in iya ɗagawa da hannu ɗaya.” Mai walda da ya san aikinsa zai ce, “Alhaji, wannan nauyin shi ne lafiyarka.” Gaskiyarsa. Amalanken da bayansa ya fi nauyi, da zarar an ɗauki gudu ko babbar mota ta gifta da iskarta, sai ya fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ya fizge bayan motar. Direban da ya ji haka ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari sosai. Danna birki da ƙarfi ƙara ta'azzara abin yake yi. In kuma nauyin wuya ya wuce kima, gaban mota ya ɗago, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Ni dai shawarata, kada a yi wa mazaunin sifirin walda a jikin shasi tun farko. A ɗaure shi da noti a kan ƙarfe mai huji-huji, yadda za a iya matsar da shi bayan gwaji.

Aksul da sifirin daga kasuwar tsofaffin kayan mota za su fito. Sifirin mai ganye irin na tsohuwar akori-kura Peugeot 504 yana da sauƙin ɗaurawa, sai dai in ya fi ƙarfin kayan, amalanken zai yi ta tsalle a gargada, jirgin ne zai sha dukan. Ana iya zare ganye ɗaya ko biyu. Taya kuwa, a duba lambobi huɗun ƙarshe da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya kan fashe ko da zanenta bai goge ba.

Shasin kansa dogon bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu daga wuya zuwa baya, da ƙarafuna a gicciye, da waldar lantarki. Jirgi ba ya kwanciya a kan ƙarfe tsirara. A shimfiɗa katako biyu a tsawon ciki, a lulluɓe su da tsohon kafet ko yankan taya, a gaba kuma a kafa turke da jirgin zai jingina, don kada ya zarce cikin mota ranar da akuya ta shigo titi. Wanda zai yi walda a kan farin bututu mai ruɓin zinki ya kankare wurin ya yi aikin a fili, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Gwangwanin madarar da masu walda ke sha bayan aiki, a sha don daɗi, ba ya hana komai.

Ƙugiya a jikin shasin mota ake kafa ta, ba a bamba ba. A ƙara sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan, ko fil ya zare su tallafe shi kada ya caki kwalta. A sa fitilar birki da ta sigina, kuma kafin a hau babban titi a je wurin jami'an duba motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra a ji abin da suke buƙata. Amalanken gida ba shi da birkin kansa, birkin mota ne ke tsayar da su biyun, saboda haka gangara irin ta tudun Nasarawa Eggon da ƙaramin giya ake saukarta.

A bakin ruwa kuma boris ne abin lura. Bayan tafiya daga Garaku zuwa Loko ya ɗauki zafi. In aka tura shi cikin kogi nan take, sanyi zai sa ya zuƙo ruwa da yashi, giris ya lalace. A jira minti ashirin, a sha rake a inuwa, a taɓa da bayan hannu. In ya huce, sannan a ja da baya.