Zaɓen Wuƙa da Almakashi Domin Aikin Nutso a Ƙarƙashin Ruwa

Tun shekarar 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska daga tukunya a ƙasar Faransa, mutum ya ƙara samun sauƙin daɗewa a ƙarƙashin ruwa. A Nijeriya akwai masu wannan sana'a a tashoshin jiragen ruwa na Ikko da Fatakwal, da wuraren haƙar mai, da manyan madatsun ruwa irin na Kainji wanda aka gama a 1968.

Babban haɗari ga mai nutso shi ne sarƙewa cikin tsohon taru ko zaren mamari da masunta suka yar. Zaren nailan ba ya ruɓewa da sauri, ba a kuma ganinsa sosai a ruwa. Ga shi iskar tukunya ƙayyadaddiya ce: a zurfin mita 10 tana ƙarewa ninki biyu na saurin da take yi a bisa, a mita 30 kuwa ninki huɗu. Saboda haka wajibi ne kowa ya riƙe abin yanka.

Kayan yanka iri uku ne. Na farko wuƙa. Wadda ta fi kyau ita ce gajera, mai kaifi sumul a gefe guda, da haƙora irin na zarto a ɗaya gefen domin yanke igiya mai kauri. Marar tsini ta fi aminci, don ba ta huda tiyon iska. Na biyu ƙugiya mai reza a cikinta, wadda ke tsinke siririn zare da hannu ɗaya. Na uku almakashi irin na asibiti, wanda ya fi sauran cin taru da siririyar waya.

Ƙarfe marar tsatsa yana da araha da sauƙin wasawa, amma ruwan gishiri kan ci shi in ba a wanke shi da ruwan daɗi an shanya ba. Taitaniyam ba ya tsatsa, sai dai tsada da wuyar wasawa.

Ya kamata a riƙe guda biyu, a ɗaura su a ƙirji ko ƙugu inda kowane hannu zai kai. Wanda ya sarƙe kada ya yi ta juyi, domin juyi yana ƙara ɗaure mutum. Sai ya natsu, ya yi wa abokin nutsonsa alama, sa'an nan a yanke zaren a hankali.