Turmi da taɓarya: dalilin da ya sa injin sussuka bai kore su daga karkara ba

A ƙauyukan Tasawa, Mayahi ko Magarya, da an idar da sallar asuba ake fara jin ƙarar taɓarya daga bayan gari. Can ne masussuka take, nesa kaɗan da gidaje saboda ƙaiƙayi. Mata da ƴan mata kan iso da damin hatsi a kai, su kakkarya zangarniya cikin turmi, su kama aiki. Abin da suka sussuke a safiyar shi ne furar rana da tuwon dare.

Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya, kuma har yanzu a gidaje da dama na karkara, hatsin yana bi ta cikin turmi kafin ya kai tukunya. Injin sussuka ya shigo, ana kewayawa da shi ƙauye-ƙauye bayan girbi, amma bai raba mata da taɓarya ba. Matasa da yawa a Yamai, da ƴan ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, kan ɗauka rashin kuɗin biyan mai inji ne kawai ya sa haka. Rashin kuɗi na ciki, sai dai ba shi kaɗai ba ne.

Daga dami zuwa gari

Sussuka ita ce matakin farko: a raba ƙwayar hatsi da zangarniya. Daga nan sai shiƙa, inda mace ke tsayawa ta bai wa iska gefe, ta ɗaga ƙwarya tana zubowa a hankali, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta sauka a ƙwaryar ƙasa. Tsabar nan turmi za ta sake komawa domin surfe, ana yayyafa mata ruwa har dusa ta fita. A wanke, a tsane, sannan a daka ko a kai injin niƙa.

Babu abin da ake zubarwa a wannan hanya. Dusa ta tumaki da awaki ce, ƙasarin da aka wanke hatsi ma su ake bai wa, ƙaiƙayi kuwa yakan koma gona ya zama taki. Mafi yawan lokaci dabbobin nan na matan ne, su suke sayarwa idan rashin lafiya ko biki ya taso.

Dawa da wake galibi da sanda ake bugunsu a kan daɓe. Amma ƙwayar gero ta fi riƙe zangarniya, shi ya sa take bukatar nauyin taɓarya. Idan aiki ya yi yawa, mata biyu ko uku kan haɗu a turmi guda suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har a cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe ta.

Rumbu ne ma'ajin gida

Babban dalilin da ya riƙe turmi shi ne rumbu. Manoma sun daɗe da sanin cewa hatsin da ke jikin zangarniya ya fi jure ƙwari da daɗewa fiye da tsabar da aka ɗura a buhu. Don haka bayan girbin watan Satumba da Oktoba, dami ake jerawa a rumbu, maigida ya riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Da yawan damin da ya rage ake lissafin ko cimaka za ta kai gida ga sabon hatsi.

Inji kuwa a yini guda yake mayar da rumbu buhuna. Buhun kilo 100, wanda ke cin tiya 40, abu ne mai saurin hawa amalanke. Bashi ya taso, ko suna, ko aure, sai a ɗauki buhu a nufi kasuwa, a daidai lokacin da farashi ke ƙasa. Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma kuma hatsi ya yi tsada, wannan gidan ne zai koma awo da tiya. Wahalar sussukar hannu kan zama birki, domin ba a iya sussuke rumbu cikin dare ɗaya a sayar.

Akwai kuma matan da sussuka ce sana'arsu. Zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi kan yi wa masu hali aikin, a biya su da kuɗi ko da hatsi. Duk inda inji ya kankama, wannan ƴar hanyar samu ita ke fara toshewa.

Wanda ke biyan farashin

Duk da haka, birkin nan a kafaɗar mata yake. Aikin kan ci sa'o'i a kullum, a bar mace da kanta a hannu, ciwon baya da ƙaiƙayi a ido da maƙogwaro, ga ɗiban ruwa da itace na jira, ga ƴar gamanarta idan damina ce. Mai ciki da mai goyo ba su tsira ba. Yarinyar da ta kwana da sanin za ta masussuka da asuba, a makare take isa lakkol, wani lokaci ma ba ta zuwa.

Shi kansa turmin yana ƙara wuyar samu. Masassaƙa sun fi son ƙirya saboda taurinta, ita kuwa ta yi ƙaranci a wurare da dama na kudancin ƙasar, kuma sare itace sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Sassaben zamani, wanda ya bazu daga jahar Maraɗi tun shekarun 1980, ya maido da itatuwa masu yawa a gonaki, amma kututturen da zai yi turmi yana bukatar shekaru kafin ya kai.

Ga wanda ke aiko da kuɗi gida bayan girbi, zaɓin bai tsaya tsakanin inji da taɓarya ba. Ana iya sussuke wani kaso da inji, wanda zai ɗauke wa mata aikin watannin noma, sauran a bar shi dami a rumbu. Tsabar da aka sussuke kuma tana bukatar ma'aji mai kyau, irin buhun PICS mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, wanda manoman wake suka riga suka sani. Kafin a tura kuɗin mai inji, ya kamata a tambayi inna da matan gida abu biyu: dami nawa suke so a sussuke, kuma a hannun wa mabuɗin ɗakin buhunan zai zauna.