Fashewar taya a kan hanya: laifin ƙusa ne ko na mai mota?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai, ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa da Maradi har ta kai Damagaram, ya sha ganin wannan: mota a gefen kwalta an ɗaga mata ƙafa, an jera rassan itace a bayanta don gargaɗi, fasinjoji kuwa suna zaune a inuwar aduwa suna jiran karen mota ya dawo daga garin gaba. Waɗannan su ne masu sa'a, domin lokaci kawai suka yi asara. Wanda tayar gaba ta fashe masa yana cikin gudu da kaya niƙi-niƙi, sau da yawa labarinsa a asibiti ake jin sa.

An saba ɗora laifi a kan ƙusa, ko ƙaya, ko ramukan hanya. Suna da nasu rabo, babu musu. Amma ƙusa huda take yi, iska ta riƙa fita sannu a hankali. Fashewa farat ɗaya kuwa, galibi zafi ke kawo ta. Idan iska ta yi wa taya kaɗan, ko lodi ya fi ƙarfinta, gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, roba ta yi zafi har ta rabu da wayoyin da ke riƙe da ita. A haɗa wannan da ranar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 ko a inuwa, sai a gane dalilin da ya sa bazara ta zama kakar masu faci.

A nan ne direbobi da dama ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. In sun tsaya shan ruwa suka taɓa taya suka ji ta yi zafi, sai su rage mata iska, wai kada ta fashe. Alhali ƙaruwar iska a cikin taya mai zafi abu ne da masu ƙera ta suka riga suka lissafa; wanda ya rage, ya ƙara mata wahala ne. Awon gaskiya da safe ake yin sa, kafin mota ta yi nisa, kuma da ma'auni, ba da shurin ƙafa ba. Yawancin ƙananan motoci suna ɗaukar bar 2 zuwa 2,5, abin da masu faci ke kira kilo; adadin kowace mota yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Masu shiga rairayi a wajen Agadas sukan rage iska da gangan don kada mota ta kafe, amma ƙwararrunsu ba sa hawa kwalta sai sun mayar.

Sai batun tsofaffin tayoyi ƴan Turai. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabuwar taya ta yi wa ƙaramin ma'aikaci nisa, kasuwar ta hannu kuwa ta bunƙasa. Ba dukansu ne matattu ba, sai dai mai saye ya san abin da zai duba. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗar shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, shi ya sa manyan kamfanoni ke ba da shawarar a ajiye taya in ta cika shekara 10. Wadda ke ɗauke da hoton dutse da ƙanƙara, don sanyin Turai aka yi ta, robarta mai laushi ce, kwaltar Tawa za ta cinye ta da wuri. Zanen da zurfinsa ya kasa milimita 1,6 ya ƙare; a Faransa doka ta hana hawa hanya da shi, wanda ya kusa kaiwa nan kuwa shi ake tarawa a loda wa jirgin ruwa. Araha dai ba ta ado.

Faci ma iri-iri ne. Taya marar shambur, idan ƙusa ta shige ta a inda take taka ƙasa, kuma hudar ba ta wuce milimita 6 ba, tana gyaruwa. Zaren roba da ake cusawa daga waje ya isa ya kai mutum gari, amma gyara mai ɗorewa sai an kwance tayar, an duba cikinta, an manna faci daga ciki. Huda ko kumburi a gefe ba su da magani. Mai facin da ya ɗinke gefen taya ya zura mata shambur, ya ɗage ranar haɗari ne kawai.

In ta faru a kan hanya, kada a take birki da ƙarfi: a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar mota ta rage gudu da kanta. A nemi wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a sa giya, a tare sauran ƙafafu da duwatsu, a sauke fasinjoji. Ana sassauta notuna tun taya na ƙasa, sa'an nan a ɗaga jak. A wuri mai yashi a sa masa katako. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Wajen ɗaurewa, a ɗaure noti sai wanda ke fuskantarsa, ba a bi su a jere ba, kuma a sake gwada su bayan kamar kilomita 50.

Wannan duka idan safaya tana da iska ke nan. Ita ce tayar da ke kwana shekara a bayan mota ba wanda ya auna ta, har ranar da za a fito da ita tsakanin Tasawa da Takeita a tarar ta yi laushi kamar wadda aka cire.