MT-07, Z650, SV650 ko CB650R: wane babban babur ne zai jure hanyoyinmu?

Daga Nima da Mamobi a Accra har zangunan Kumasi da Tamale, idan matasa suka zauna hira, da wuya a tashi ba a taɓo maganar manyan babura ba. Ana nufin irin masu rurin nan da ake jiyo su tun kafin a hango su. Mafi yawan waɗanda ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema na hannu ne daga Turai, Amurka ko Japan, kuma cikinsu akwai ajin da ya fi ɗaukar hankali: matsakaita masu injin sisi 650 zuwa 700, waɗanda Turawa ke kira tsirara saboda ba a lulluɓe su da rigar roba ba, inji da ƙarfe duk a waje.

Rashin rigar nan alheri ne a wajenmu. Idan babur ya faɗi babu robar tsada da za ta farfashe, makanike na kaiwa ga inji ba tare da ya kwance rabin mashin ba, kuma mutum na zama a miƙe, abin da ya dace da cunkoson gari. To amma kuɗin babur ɗaya cikin waɗannan zai sayi ƙananan babura da yawa, wani ma tarin shekaru ne zai zuba. Shi ya sa zaɓin ke buƙatar natsuwa.

Su wane ne a fagen?

Yamaha MT-07 ya fito a 2014. Injinsa sisi 689 ne mai silinda biyu, ƙarfinsa ya kai doki 73, nauyinsa wajen kilo 184 da mai a ciki. Abin da ya sa ya yi suna shi ne yadda yake fizga tun daga ƙasa, ba sai an murɗa totur sosai ba. A Amurka sunansa FZ-07 har zuwa 2017, don haka idan ka ga wannan suna a takarda kada ka rikice, shi ne dai.

Kawasaki Z650 ya zo a 2017 ya gaji ER-6n. Sisi 649, silinda biyu, doki 68, kilo wajen 187. Shi ne mafi sanyin hali a cikinsu, kuma kujerarsa santimita 79 ce daga ƙasa, marar tsayi ma zai dire ƙafa ba wahala.

Suzuki SV650 shi ne dattijon gidan, tun 1999 ake yin sa. Silindarsa biyu sun buɗe kamar harafin V, sisi 645, doki 73 zuwa 76 gwargwadon shekara. Ya ɗan fi nauyi, kusan kilo 200, amma kujerarsa ta fi ta kowa ƙasa, santimita 78 da rabi.

Honda CB650R na 2019 shi kaɗai ne mai silinda huɗu. Sisi 649, doki 94, kilo 202. Ƙararsa ce ke sace zuciyar samari, ga shi santsi kamar an shafa masa mai. Sai dai cikakken ƙarfin nasa yana can sama, wajen juyi 12,000 a minti. A cikin gari, tsakanin tasi da motocin haya, yaushe za ka kai can?

Akwai kuma Triumph Trident 660 na Ingila, wanda ya fito a 2021 da silinda uku da doki 80. Babur ne mai kyau ƙwarai, amma matsalarsa a nan ita ce wadda za mu zo kanta yanzu.

Tambayar farko: wa zai gyara?

Gaskiyar magana, bambancin doki biyar ko goma ba shi zai dame ka bayan wata shida ba. Abin da zai dame ka shi ne ranar da famfon mai ya tsaya, ko wata fitila ta kunna a allo, makaniken unguwa ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Waɗannan babura ba kafireto gare su ba, kwamfuta ce ke auna man da ke shiga inji. Gwanin Haojue ko Apsonic ba lallai ya iya da su ba, kuma wani ba zai faɗa maka bai iya ba sai ya gama ɓarna.

A nan ne masu silinda biyu na Japan suka yi zarra. Injin MT-07 shi ne a cikin Ténéré 700 da XSR700 da R7. Na Z650 shi ne a Ninja 650 da Versys 650. Na SV650 kuma shi ke cikin V-Strom 650. Duk injin da aka yi da yawa, kayansa na hannu sun fi samuwa, kuma an fi samun wanda ya taɓa buɗe shi. MT-07 da Z650 fulogi biyu ne da bawul takwas, CB650R kuwa fulogi huɗu da bawul 16, ka ga aiki ya ninka, kuɗi ma haka. Yamaha ma sai bayan kilomita 40,000 ya ce a duba bawul. Shi kuwa Trident, ƙaramin abu idan ya lalace kana iya zaman jiran saƙo daga waje makonni, babur na jingine.

Kafin ka biya ko sisi, je ka nemo makaniken tukuna, ko a Suame ta Kumasi ko a Accra, ka tambaye shi wanne ya saba gyarawa. Amsarsa ta fi duk bidiyon da za ka kalla a waya.

Taya, rami da ƙura

An ƙera waɗannan babura ne don kwalta mai laushi. Tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 13 zuwa 15 ne kacal: Z650 13, MT-07 14, CB650R 15. Tudun rage gudu mai tsini ko rami mai zurfi na iya bugun salansa ko ya lanƙwasa wili. Wanda hanyar gidansa jar ƙasa ce mai gargada, gara ya duba Versys ko V-Strom, masu inji iri ɗaya amma dogayen ƙafafu.

Taya ma lissafi ce. MT-07 da CB650R da Trident na ɗaukar tayar baya mai faɗin 180, Z650 da SV650 kuwa 160, wadda galibi ta fi sauƙin kuɗi. Kada ka yarda da tsohuwar taya don ka ga zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara biyar robarta ta soma ƙeƙashewa.

Sai mai. Na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, musamman garuruwan kan iyaka, ƙaramin babur na iya shanye shi ya wuce, amma waɗannan dattinsa toshe musu hanyar mai yake yi. Tankin MT-07 lita 14 ne, idan ana tafiya da hankali yana kaiwa kilomita 300, wato ya isa daga Accra zuwa Kumasi. Lokacin hunturu kuma ƙura na cika matatar iska da lagireto, dole a riƙa dubawa fiye da yadda littafin kamfani ya tsara, don ba da ƙurarmu aka yi lissafinsa ba.

Tarkon na hannu

Araha ba ta ado. Da yawa cikin baburan da ke fitowa daga gwanjon Amurka sun yi haɗari ne kamfanin inshora ya sallama su. A duba wuyan babur inda kai ke juyawa, ko akwai walda ko sabon fenti. A duba ƙafafun gaba ko sun karkace ko suna yoyon mai. Lambar jikin babur, mai harufa da lambobi 17, dole ta yi daidai da ta takardun kwastan, in ba haka ba rajista a DVLA za ta zama ciwon kai, ko ma a wayi gari na sata ne.

Na Turai kuma suna da nasu sirrin. Can akwai lasisin sababbin matuƙa mai suna A2, wanda bai yarda a wuce doki 47 ba, don haka ana sayar da waɗannan babura a daƙile. Kana iya biyan kuɗin doki 73 ka tafi gida da 47. Ga wanda yanzu zai fara hawa, wannan ma gata ne, amma dai a san abin da aka saya, kuma farashi ya nuna hakan.

A tambayi makullai. Yamaha na Turai na zuwa da jan makulli wanda da shi ake yin rajistar sabo, Honda ma na da nata tsarin hana sata. Idan duk suka ɓace, gyaran na iya kaiwa ga canja kwamfutar babur ɗungurungum.

Sannan birkin ABS, mai hana taya ƙullewa idan an taka da ƙarfi. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga sababbin baburan da suka haura sisi 125 tun daga 2016, Amurka kuwa ba ta wajabta ba, don haka na can wani na da shi wani babu. A kan kwaltar da yashi ya hau, ko ranar ruwan sama, shi ne tsakaninka da faɗuwa. Kada a yi ciniki a kansa.

To wanne?

Mai son ƙarfi da rashin nauyi, kuma yana tunanin sayarwa nan gaba, MT-07 ne nasa. Sabon hannu ko gajeren mutum, Z650. Mai ƙaramin aljihu da ke neman inji mai jimiri, SV650. CB650R na wanda ke yawan doguwar hanya ne, kuma ya riga ya san inda zai kai shi gyara.

Abu ɗaya dai ya haɗa su duka. Wanda ya saba da Boxer 150 mai doki 12, idan ya hau MT-07 ƙarfin da ke hannunsa ya ninka sau shida. Murɗawar da ya saba yi don ya wuce tasi, a nan tana iya ɗaga tayar gaba sama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Saboda haka a cikin kuɗin saye a ware na hular kwano mai rufe fuska duka, da safar hannu, da riga mai kauri, da takalmi mai rufe idon sawu, da lasisi da inshora. Idan kuɗin bai isa babur da waɗannan tare ba, to bai isa ba ke nan, a ƙara haƙuri a ci gaba da tari.