Abin da Ke Sa Jama'a Su Yi Tanadi Kafin Masifa Ta Auku



Tambayar da za mu duba a yau ita ce: me ke sa Bahaushe ya tashi ya yi shiri tun bala'i bai iso ba? Amsar da zan kawo ita ce, tsoro kaɗai ba ya tayar da mutum. Abubuwa uku ne ke yin wannan aiki, watau tuna baya, da amincewa da mai gargaɗi, da sanin abin da za a yi.

Mu fara da tuna baya. Kakanninmu ba su bar yunwa ta wuce ba suna ba. Ta 1914 suka kira ta Kakalaba, ta 1927 'Yar Buhu, ta 1942 kuwa 'Yar Gusau. Laƙaba sunan nan dabara ce ta ajiye tarihi a bakin mutanen da ba su rubuta shi ba. Tsohon da ya ga 'Yar Gusau ba sai an roƙe shi ya bar damin bara a rumbu ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tsoron nan yana dusashewa in waɗanda suka gani da ido suka ƙare. Alal misali, a ƙarshen Satumba 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Yaran da aka haifa a shekarar sun zama magidanta ko suna gab da zama, kuma da yawansu labari kawai suka ji. Ga shi kuwa kogin nan bai sauya hanya ba. Daga Gusau Bunguɗu yake nufa.

Na biyu, amana. An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa a 1999, kuma hukumar yanayi tana fitar da hasashen damina kowace shekara. To, amma manomin ƙauyukan Tsafe yakan auna mai magana kafin ya auna maganar. Sanarwar da ta tsaya a ofis da Turanci ba ta kai ƙofar gidansa ba. Sai ta bi ta bakin hakimi da mai unguwa da liman a huɗubar Juma'a, sa'an nan ta zama tasa. Malamai kuwa suna da hujja a hannu: Annabi Yusufu, alaihissalam, tanadin shekara bakwai ya yi, kuma ba wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu.

Na uku, dole gargaɗi ya zo da aikin da talaka zai iya. In ka ce wa mutum ambaliya na tafe ka yi shiru, fargaba kurum ka ba shi. In ka ce ya yashe lambatu, ya yaɓe katanga kafin Agusta, ya san tudun da zai kai iyalinsa, to ka ba shi abin yi. Aikin gayya ya fi kome sauƙaƙa wannan, don mutum yana jin kunyar zama maƙwabta suna aiki.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, ku kai magana inda masu ita suke, cikin harshensu. Ku kuma ɗalibai, ku je wurin tsofaffi ku rubuta sunayen nan da labarinsu tun suna raye.